Keken ɗinkin Inna ya tona wa ƙanena asiri

Assalamu alaikum Anti, da ku masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni malamar makaranta ce a Tudun Wada, nan Minna, ina kuma rubuta gajerun labarai a waya don jan kunnen matasa kan shaye-shaye. Ina da ƙane, direban Keke Napep ne, yana ɗaukar fasinja daga Barkin Sale zuwa Sauka Kahuta. Ya taɓa faɗawa shan maganin tari, amma Allah ya shirye shi ya daina, ba wanda ya sani a gida. Ranar da ya faɗa mini yana kuka ya ce, "Yaya, keken ɗinkin Inna da aka ce ɓarawo ya ɗauke, ni na sayar na sha. Amana na ba ki." Na ce, "Wallahi daga ni sai Allah."

To ku ji abin kunyar da na yi. Labaraina ba sa karɓuwa, yara suna cewa wa'azi ne kawai. Sai zuciya ta raya mini ai ga labari mai rai a hannuna. Na rubuta labarin ƙanena, na canja suna, na canja gari, na mai da shi ɗan acaɓa, ni a dole na yi wayo. Amma na bar keken ɗinkin, har da karyayyar ƙafarsa da aka ɗaure da waya, da yadda uwar ta zube a tsakar gida ta ɗora hannu a ka. Wai don labari ya yi armashi! Wace irin yaya ce ni? Wa bai san keken Inna ba a layinmu, shi da ya ɗinka wa rabin unguwa kayan sallah?

Labarin ya bazu, har a Islamiyya ana karanta wa ɗalibai. Wata mata ta biyo ni makaranta tana sa mini albarka, wai ɗanta ya karanta ya zubar da kwalabensa. Kaina ya kumbura, ban san rami na haƙa ba.

Yanzu ƙanen nawa aure yake nema, dangin yarinyar suna bincike kamar yadda aka saba. Mahaifinta kuwa shi ne dattijon da ya yi cigiyar keken Inna a masallaci lokacin da ya ɓata. Ya kira ni shagonsa ya ce, "Malama, 'yata ta nuna mini labarinki. Na san ba kya ƙarya, kuma ba na son ji a bakin 'yan gari. Keken nan na Innarku ne?" Na ce, "Baba, a ba ni lokaci." Ya ce, "Juma'a bayan an sauko masallaci."

Idan na ce ƙage ne, na yaudari uba a kan auren 'yarsa. Idan na faɗi gaskiya aure ya rushe, Inna za ta ji, kuma ina tsoron baƙin ciki ya mai da yaron nan gidan jiya. In goge labarin? Yana cikin wayoyin mutanen da ban ma san su ba. Gaba kura, baya sayaki.

Ƙanen nawa ba ma'abocin karanta labarai ba ne, bai san komai ba. Jiya ya shigo mini da atamfofi, ya fara tara kayan lefe tun ba a ba shi ba, yana washe baki ya ce, "Yaya, zaɓar mata, da ke kaɗai na yarda." Na zaɓi shuɗiya.

Jibi Juma'a. Jama'a, me zan yi?