Tulun da Na Juye

Talata da dare, Kafanchan

Yau a aji mun ƙarasa littafin matar nan mai son waƙa, wadda ta auri mutumin da ba ya son hayaniya. Na tambayi yara me ya kashe ta. Rifkatu ta ce, "Madam, ba zazzaɓin ba ne. Tun ranar da ta daina waƙa ta mutu."

Na ba ta maki, na ci gaba da darasi.

Shekara tara rabona da buga tulu a zumuntar mata, don maigidana ya ce bai dace da matar dattijon coci ba. Ɗazu na nemo tulun a kicin, gyaɗa muke zubawa a ciki. Na juye ta a tire. Jibi akwai zumunta.