Gangar Baba da Auren Nabil

Assalamu alaikum Malama Tsahara,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar mai zuwa. Kwana huɗu ke nan ni da ɗana Nabil ba mu haɗa ido ba, alhali gida ɗaya muke.

Ni ɗiyar makaɗi ce, kuma ban taɓa faɗin haka da ƙaramar murya ba. Mahaifina Idirisa na Tsibiri, Allah Ya jiƙan shi, gangar noma yake kaɗawa. In an yi gayya shi ke tsayawa bakin gona yana kiran samari da sunayen kakanninsu, sai ki ga ragon gari ya bar sa'o'inshi baya. Wani mai shagon kaset a kasuwa, Mamman Lawali, ya ɗauki muryarshi har sau uku, kuma kaset ɗin nan uku su suka raine ni.

Na farko na gayya ne. Da shi nake shara, da shi na yi karatun zama malama, har yau in na sa shi ba na iya zama wuri ɗaya. Na biyu ya yi wa masu lambu na Jiratawa, sanyi gare shi, shi ya riƙe ni shekarar da maigidana ya rasu. Na uku kuwa Baba ya tsufa, murya ta dushe, 'yan amshi sun watse, sai ni, ina 'yar shekara goma sha biyu, nake yi mashi amshi. Har ana jin inda na ɓata ya yi dariya bai tsaya ba. Shekara talatin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, duk wanda ya bi ta ajina zai gaya maki da kiɗan tebur nake koya haddar lissafi. Kunnena ma sun ɓata shi, don waƙoƙin nan na yanzu da ake haɗawa da na'ura, wallahi ji nake kamar miya ba gishiri.

To ga matsalar. Nabil na neman auren Fadila, ɗiyar wani babban ɗan kasuwa, irin gidajen nan da motocinsu ke ɗauko kaya daga Kwatano. Yarinya ce mai hankali, ba ni da ta cewa. Ran Asabar gwaggwanninta za su zo ganin gida. Shi ne yaron nan ya same ni yana sosa ƙeya, wai in sauke gangar Baba daga bango, in kai rediyo da kaset ƙuryar ɗaki, in an tambayi asali kuma in ce kakanshi manomi ne. Wai ai ba ƙarya ba ce, yana noma. Wai irin gidajen nan ba su ba jinin maroƙa ɗiya.

Malama, Baba fa! Mutumin da in ya shiga Tsibiri sai masu gona sun miƙe! Tashi na yi na sa kaset na farko, na ƙure murya har wani ɗan kabu-kabu ya tsaya ƙofar gida yana kaɗa kai. Tun ranar haka nake yi kowace safiya. Ƙanena Sha'ibu ya ce in yi haƙuri, yini ɗaya ne. Ni kuwa har na fara tunanin in baƙin sun zauna in sa masu na ukun, su sha shi tare da lemo.

Amma ina jin tsoro. Nabil ya rame, yana son yarinyar nan ƙwarai. In auren ya lalace ta dalilina ba zai yafe mani ba. In kuma na sauke gangar nan, ni ba zan yafe wa kaina ba. Yaya zan yi?

Ɗiyar Makaɗi, unguwar Zariya, Maraɗi

Wa'alaikumus salam Yaya,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, har na ji ina ma in saurari kaset ɗin nan na uku. Kina da abin alfahari. Kada ki sauke ganga, kada kuma ki sake wa mahaifinki sana'a bayan ransa.

Amma ki rage murya. Kiɗan da kike ƙurewa kowace safiya ba don Baba kike yi ba, Nabil kike duka da shi. Yaron nan bai ƙirƙiro tsoronsa ba. Ni da ke mun san gidajen da har yau suke hana aure a kan sana'ar kaka, kuma shi ke zuwa yana durƙusawa a zaurensu. Ran Asabar kada ki sa wa baƙi kaset sai in su suka nema.

Sannan wa ya gaya wa Nabil ba su sani ba? Manyan 'yan kasuwar Maraɗi ba sa barin saurayi ya zo gidansu sau biyu ba su aika an binciko asalinsa ba. Tsibiri nan ce kusa, kuma mutumin da ya yi kaset uku ba ya ɓoyuwa. Mai yiwuwa sun sani, sun yarda. In haka ne, abin da kawai za su gano ran Asabar shi ne ko surukin nasu mai gaskiya ne. In kuwa ba su sani ba, gara su ji yanzu daga bakinsa da su ji a gidan biki daga bakin 'yan gulma.

Ki kira shi yau, ku biyu kaɗai. Ki gaya masa ya ɓata maki rai, ki kuma ba shi haƙuri a kan kwana huɗun nan. Ki damƙa masa kaset ɗin ya juye su a waya tun zaren bai tsinke ba, ya saurare su da kunnensa. Daga nan ya je ya faɗa wa Fadila da kansa kafin Asabar. Ba zan yi maki alkawarin iyayenta za su yarda ba. Yana iya rasa ta, zai kuma ji zafi, in hakan ta faru ki tsaya kusa da shi, ban da gori.

Ki tuna masa abu ɗaya. Duk ɗan da Fadila za ta haifa masa jinin Idirisa ne, kuma matar da za ta goya shi tana da haƙƙin ta san haka tun kafin a shafa fatiha, ta zaɓi mijinta a yadda yake.

Allah Ya jiƙan mahaifinki, Ya daidaita ki da ɗanki, Ya sa a ɗaura auren nan ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Taki, Malama Tsahara