Hasken da Bai Yi wa Ƙafar Inna Ƙarya ba

Wambai, Suleja

Yaya Nasiruddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya Kano, ya aiki, ya su Anti Fatsuma da yara?

Yaya, ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake. Ka ce ka ga hotunan ƙafar Inna, ciwon ya yi kyau. Haka ma Dokta Eniola ta ce, likitar ciwon sugan da nake tura wa hoto Abuja duk mako. To ni da nake wanke ciwon safe da yamma ina gaya maka ƙarya hoton yake yi. Filashar waya tana dallare wurin ne ya fito fari tas, alhali gefen ƙaramin yatsa ya soma duhu, kuma akwai wari.

Inna kuwa ka san ta. Tunda likita ta ce da sauƙi, ta rantse ba mai kai ta asibiti a yanke ta. Ba ta yarda ta fito da ƙafar tsakar gida ba, wai 'yan haya su gani a yi da ita a unguwa. Ɗakinta kuma duhu. Na gwada tocilan kasuwa, haskenta shuɗi ne, tana dusashewa tun kafin in saita waya.

Shekaruna a teburin gyaran waya ba za su tashi a banza ba. Fitila zan haɗa da kaina. Ka aiko min da aisin da ke sarrafa fitilar kyamara, da ƙwayayen fitila masu farin haske na gaskiya, da ɗan allon lantarkin da ake ba aisin umarni da shi. Ka ba Lado direba.

Ƙanwarka,
Halimatu Sadiya

*

Kano

Halimatu Sadiya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ina fata kuna haka. Ki gaida Inna da jiki.

Ga kayan nan. Amma ina ganin kin ɗaga hankalinki fiye da kima, likita ta fi mu sanin aikinta. Duk da haka ga bayani.

Aisin yana da yanayi uku: barci, tocila, filasha. Filasha wuta mai yawa ce ta ƙiftawar ido, sannan ya kashe kansa don kada ƙwan ya ƙone. Tocila wuta kaɗan ce mai ɗorewa, ita kike so. Akwai gurbin da ake rubuta masa yanayi, akwai wani daban na ƙarfin wuta. Na rubuta miki lambobin a bayan takardar nan. Ki bi a hankali, kin san ki da gaggawa.

Yayanki,
Nasiruddeen

*

Wambai, Suleja

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Kaya sun iso, Allah ya saka da alheri.

Gaggawar da ka faɗa ta ci ƙwai ɗaya, kada ka yi dariya. Na kunna yanayin tocila kafin in rage masa wuta, ban kuma manna shi a ƙarfen da zai sha zafi ba, sai ga hayaƙi. Yanzu na gane, ƙarfin wuta ake fara rubutawa, yanayi ya biyo baya.

Sai wata kuma. Na saita komai a shago, haske lumui, na cire batir na sa a jaka. Ina zuwa ɗakin Inna na mayar, na danna, sai wal! Filasha. Ashe da an ɗauke masa wuta yake manta duk abin da aka gaya masa, ya koma yadda aka ƙera shi. Wannan ba ka faɗa min ba, injiniya.

Inna ta samu abin yi min tsiya. Ta ce, "Ke da walƙiyarki, ki bar min ƙafata ta huta." Na fita bayan ɗaki na yi kukana, na dawo na naɗe mata ciwon.

Na gyara umarnin allon. Duk sanda aka kunna, zai rubuta ƙarfin wuta, ya rubuta tocila, ya tambayi aisin abin da ya riƙe, in bai yi daidai ba fitila ba za ta kama ba sam. Na rufe ƙwan da farar leda don hasken ya yi laushi. Na gwada a tafin hannuna da yankakken tumatir, jan ya fito ja.

Na tura maka hoton da na ɗauka yau a waya, na tura wa likita. Ka duba da kyau, sannan ka sake ce min na ɗaga hankalina.

Halimatu Sadiya

*

Kano

Halimatu,

Salam. Na ga hoton. Tsoro ya kama ni. Dokta Eniola ta kira ni da kanta, ta ce a kawo Inna gobe, kada a ƙara kwana.

Na yi magana da Inna, ta ƙi saurarona, ta ce ke kika haɗa mata wannan. Ki nuna mata hoton ta gani da idonta. Ba a ba ni izinin tahowa ba sai Asabar. Lado zai kai ku har ƙofar asibiti.

Allah ya yi miki albarka.

Yayanki,
Nasiruddeen

*

Asibiti, Abuja

Yaya,

Sallama. Na nuna wa Inna hoton. Ta kalla ta kalla, ta ce in ɗauko mata mayafinta.

An yi aiki jiya. Yatsu biyu sun tafi, ƙafar tana nan. Likita ta ce da an ƙara mako guda, daga gwiwa za a yanke.

Inna ba ta yi min magana ba tun da ta farfaɗo. Amma ɗazu da ma'aikaciyar jinya ta zo canza bandeji, sai Inna ta janye ƙafarta, ta nuna ni da haɓa ta ce, "Waccan za ta yi."

Ka taho mata da man zaitun. Sai ka iso.

Ƙanwarka,
Halimatu Sadiya