Ƙashin Mutum Ne Ko Na Kifi Ka Kwasa a Illela?

Zuwa ga Baturen Duwatsu, wanda ya haƙa kwazazzabon alli da ke bayan garin Illela, ta hannun mai buga jarida.

Ranka shi daɗe,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka, a Ingila ko duk inda aiki ya kai ka. Ka gafarce ni ban sa sunanka ba, ban iya rubuta shi daidai ba ne. A nan Baturen Duwatsu kowa ke ce maka.

Sunana Saratu, ɗiyar Kulu mai alli. Bara na gama elemantaren 'yan mata a Sakkwato na dawo gida. Ni ba mai magana ba ce, ko a aji sai an kira sunana sau biyu nake ɗaga kai. Da akwai babba da zai rubuta wannan, da ban rubuta ba.

Zan fara da abin da ban gaya wa kowa ba. Yanzu idan innata ta miƙo mini tuwo, sai na yi jinkiri kafin in karɓa. Ina ci, amma idona yana kan farcenta, inda farin alli ya maƙale. Ba ta sani ba. Ba ta karatun boko, kuma ina roƙon duk wanda zai karanta mata wannan jarida ya tsallake nan. Ga yadda aka yi har ɗiya ta zo tana tsoron hannun uwarta.

Na farko. Innata allin kaɗi take yi. Ko ba ka san shi ba, shi ne farin abin da mai kaɗi ke taɓawa da yatsa don mazari ya juya mata, ta lasa yatsan, ta ja zare. Wasu ƙashin shanu suke ƙonawa su yi nasu. Innata kuwa da farar ƙasar kwazazzabon nan take yi, yadda ta gada wurin uwarta: ta haƙo, ta ƙona, ta daka, ta tankaɗe, ta kwaɓa, ta dunƙula, ta shanya. Fatake har Konni suke tsallakawa da shi. Tun rasuwar babana da shi muke ci. Idan tana haƙa ta ci karo da duwatsun nan masu kama da ƙashi, ba ta daka su, don sun fi ƙarfin taɓarya. Gefe take jefa su. A gaban wannan tarin ka tsaya ranar da ka zo, ka cire hularka, ka durƙusa.

Na biyu. Ina so ka san abin da mutane suka gani, don na yi zaton ba ka kula ba. Sun ga ka sa an haƙa rami mai tsawo. Sun ga kana share ƙashi a hankali da 'yar tsintsiya, ba ka bari kowa ya taka. Sun ga ma'aikatanka sun jiƙa farin ƙyalle sun naɗe kowane ƙashi daga kai har ƙafa. Sun ga an ɗora mafi tsawonsu a kan katako, maza huɗu sun ɗauka a kafaɗa, kana biye da su kana cewa a yi sannu. Ranka shi daɗe, a ƙasarmu abu ɗaya kaɗai ake naɗewa da farin ƙyalle maza huɗu su ɗauka. Da aka tambayi tafintanka, ya ce ka ce ruwa ya taɓa rufe ƙasar nan duka, waɗannan kuma a cikinsa suka mutu. Bai yi ƙarya ba, haka ka ce. Amma mu ruwa ɗaya muka sani da ya rufe duniya. Kafin ka kai Sakkwato da akwatunanka, gari ya gama yanke hukunci: ƙasusuwan mutanen Annabi Nuhu ne, waɗanda suka ƙi shiga jirgi, kuma Kulu ta shekara da shekaru tana daka su tana sayar wa mata.

Na uku. Ga abin da ya biyo baya a gidanmu. Gwaggo Tumba, aminiyar innata, wadda ta yanke mini cibiya, ita ce ta fara zuwa. Ba ta yi sallama ba. Ta zazzage allin da ta saya a bakin ƙofarmu, ta ce, "Kulu, mi na yi miki? Ashe ƙashin kafirai nike lasa tun ina amarya?" Daga nan matan Fulani masu nono suka daina shiga gidanmu. A rijiya, idan ta zura guga, sauran mata janye nasu suke yi har ta gama. Yara sun yi mata waƙa, Kulu mai dakan gawa, kuma iyayensu suna ji ba sa tsawata musu. Wani masaƙi na ƙauyen Lafani ya zo har gida yana tambaya ko da allinta aka kaɗa zaren rigar da yake salla da ita, wai ya san ko zai rama sallolinsa.

Kawuna masunci ne a Kalmalo. Ya ɗauki haƙori ɗaya da ya tsinta a kwazazzabon ya nuna a kasuwa, ya ce shi dai kamar na kada yake gani. Aka ce masa ai dole, ɗan'uwan Kulu ne. Innata ta daure ta je wurin Liman. Bai kore ta ba, Allah shi saka masa. Ya ce shi ba zai yi hukunci a kan abin da bai gani ba, ƙasusuwan kuwa sun tsallaka teku, sai a tambayi wanda ya kwashe su. To, ka ga kai kaɗai ka rage.

Na huɗu. Na ga littafinka. Baturiyar da ta koyar da mu ce ta nuna mini, da ta ji daga Illela nake. Ta yi tsammanin zan yi murna. Ta ce littafin ya sa sunanka ya yi girma wurin masu irin wannan ilmi, ana karanta shi a manyan makarantu, kuma duk wanda zai yi rubutu a kan dabbobin farko na ƙasashen nan sai ya ambace ka. Ta ce bayansa ka rubuta wasu. Ta ce a ciki ka nuna kifaye ne da kadoji da kunkuru na teku, waɗanda suka rayu tun ba a halicci mutum ba. Allah ne masani. Amma in haka ne, to magana ɗaya daga cikin littafin nan ta isa ta wanke innata, kuma ba ka faɗe ta da Hausa ba ko sau ɗaya.

Girman littafin ma mu ya dawo wa. Kowane rani sai an sami masu zuwa da shi a hammata, wasu daga Ingila, wasu Faransawa ta wajen Konni, suna neman wurin da ka zana. Kowannensu yadda ka yi yake yi: rami, farin ƙyalle, maza huɗu. Duk lokacin da maganar ta fara kwanciya, sai wani ya zo ya tashe ta. Bana kuma Joji, Baturen mulki, ya sa an kewaye wurin da shingen ƙaya, aka ajiye mai gadi, wai don kada a ɓata abin ilmi. Wane wuri ake kewayewa da ƙaya a bayan gari ba gona ba, ba garke ba? Wanda ma yake shakka a da, yanzu ya ce to ga shi, Nasara ma ya yarda maƙabarta ce. Baturiya ta nuna mini wata dabba da ka raɗa wa suna, da Illela a jikin sunan. Abin da ya mutu tun ba a san ranar ba ya sami suna a hannunka. Innata tana raye, nata ya lalace.

Na biyar, kuma shi ne ya fi yi mini nauyi. Turancina bai kai in karanta littafin da kaina ba, zane kawai na duba. Akwai wani zane na gaɓoɓin baya a jere, na daɗe ina kallonsa. Ban taɓa ganin ƙashin mutum ba, ban san yadda yake ba. Baturiya ta tafi hutu ba ta dawo ba. Saboda haka ina tambayarka kai tsaye, don Allah: a cikin duk abin da ka kwasa, ka sami ƙashin ɗan Adam ko guda ɗaya? In ka samu, ka faɗa. Za mu san yadda za mu tuba. In ba ka samu ba, shirunka ya isa haka.

Ga roƙona. Ka ba da amsa da Hausa a cikin wannan jarida, a gajarce, yadda mai kaɗi za ta gane. Ka aiko da zanen dabbobin da namansu a jiki, ta hannun Joji zuwa ga Hakimi, a nuna wa Liman, a nuna a kasuwa. Ka gaya wa masu bin sawunka su naɗe kayansu da buhu ko baƙin ƙyalle, su ɗora wa jaki. Kuma ka roƙi Joji ya bar mana gefe ɗaya na kwazazzabon a buɗe. Ba mu taɓa ɓata maka ƙashi ba, mu muka tara maka su.

Ba na yi maka mugun fata. Allah shi ƙara maka ilmi, shi ba ka lafiya, shi sa ka gama da duniya lafiya, shi kuma sa ka ji tausayin wadda ba ka ma tambayi sunanta ba.

An ce takarda zuwa Ingila tana daɗewa, amsa kuma ta fi daɗewa. Innata ta daina fita kasuwa. Akwai sauran alli a cikin tukunya a bayan ɗaki, wanda ta yi kafin a kafa shinge. Na fito da shi na kakkaɓe, na jera a faifai, na rufe da zane. Ban gaya mata ba. Ranar kasuwa mai zuwa zan ɗauka in je in zauna inda take zama, kusa da masu auduga. Ba zan yi talla ba, ban iya ba. Ko ba wanda ya saya, can za a same ni kowace kasuwa har amsarka ta zo.

Wassalam.

Ni ce,
Saratu ɗiyar Kulu mai alli,
Illela.