Su biyu suna hira, yara suna cikin ruwa

Salam 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, masu karatu don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Ni ɗan Mubi ne, makaranta ban yi nisa ba, na taɓa kasuwar shanu, na taɓa gyaran waya, yanzu keke napep nake ja. Akwai wata makarantar renon yara da nake ɗauko musu yara, a nan na haɗu da Rahila, antin da ke kula da ƙanana, har maganarmu ta kai gida. To wannan hutun Madam mai makarantar ta kawo tsari, duk Asabar a kai yara wurin iyo na wani otal, ni nake kai su. Dokar Madam ɗaya ce, akwai usur, duk wanda ya rataya shi a wuya idonsa ba ya barin ruwa, ko waya ba zai ɗaga ba.

Otal ɗin suna da mai gadin ruwa, wani gaye da ya yi zama a Kamaru, kullum ba riga, ga ƙirji, ga Faransanci. Tun zuwanmu na biyu na ga Rahila tana cire usur ta rataya masa tana dariya, shi kuma ya mayar mata. Wai wasa. Ni ina gefe a inuwa zuciyata tana tafasa.

Asabar da ta wuce suna wannan wasan, sun juya wa ruwa baya, ni kuma su nake kallo. Ta tsakaninsu na hango kitson wata yarinya, Ummi, yana nutsewa yana tasowa. Wallahi ko kuka ba ta yi ba. A mayo, wato kogi, na koyi iyo, amma ban taɓa sanin yaro yana nutsewa shiru haka ba. Na faɗa da kayana da wayata na ɗago ta. Gayen ya karɓe ta a hannuna, ta yi amai, ya naɗe ta da tawul. Kafin yamma labari ya kai wa Madam cewa shi ya cece ta, har godiya ta aika masa.

Da na yi wa Rahila magana ta fashe da kuka, ta ce ita ta ɗauka shi yana kallo tunda aikinsa ne, shi ma ya ɗauka ita ce. Na ce zan gaya wa Madam, sai ta ce kishi ne kawai, ba don Ummi ba ne, idan aka kore ta in manta da ita. Abin da ya fi cina, ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba. Ina so a raba su. Amma kuma kitson yarinyar nan ya ƙi fita daga idona, uwarta ma ba ta san komai ba, kullum tana ce min sannu da ƙoƙari.

Jiya Madam ta ce in shirya keke ranar Asabar. Na san kaina, idan muka je su zan kalla, su kuma suna kallon juna. Manya uku, ba mai kallon ruwa. In faɗa in rasa Rahila, ko in yi shiru in sake ɗaukar yaran mutane? Ku gaya min kafin Asabar.