Sunan da Mutuwa Ta Riga Ta Karɓa

Ilocos, 9 ga Yuli

Zuwa ga Manang Felisa, yayar mijina kuma yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar taki? Yaya 'yarki Lorna da jikoki a can Hawaii? Na san kin fi son waya, amma kunnenki ya yi nauyi, ni kuma da na ji muryarki kuka ke hana ni magana.

Yau wata huɗu da rasuwar mijina Teryo. Har yanzu shinkafar mutum biyu nake aunawa. Da tsakar rana, in gari ya yi tsit, nakan ji tarinsa daga rumfar da muke rataye tafarnuwa. Ba ya ba ni tsoro. Nakan ce masa ya shigo ciki, rana ta yi zafi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kin san gidan nan da 'yar gonar bayansa da sunansa suke, kuma Allah bai ba mu haihuwa ba. Makon jiya Rodel, jikan ƙanin babanku, ya zo da wani mutum suna auna shinge da igiya. Na ce, "Rodel, lafiya?" Ya ce, "Ba komai, Nana, motsa jiki muke yi." Ji shi, har da kira na Nana, wai uwa, don girmamawa. Lauyar da na je wurinta ta ce in kwantar da hankalina, in dai na kawo takardar aurenmu, da ta rasuwarsa, da ta haihuwarsa, za a mayar da gidan sunana. Biyu suna hannuna. Ta haihuwar ce ban taɓa gani ba, don wata tsohuwar takardar baftisma yake nunawa a ko'ina. Ranar Litinin zan hau bas zuwa garinku in nemo ta.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Sion

Ilocos, 21 ga Yuli

Manang Felisa,

Ina gaishe ki, ina fatan kuna lafiya ke da yara. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Na je ofishin rajista na garinku. Matar da ke wurin, Misis Dacanay, mai kirki ce. Ta ɗauko wani ƙaton littafi da gara ta ci gefensa, ta yi ta bin layi da yatsa har ta samo cikakken sunan Teryo: Eleuterio Tabangcura, 20 ga Fabrairu, 1949, da sunan babanku da na innarku. Na shafa rubutun kamar fuskarsa nake shafawa. Sai na ga ta tsaya tana duban wani ɗan rubutu a gefen shafin. Ta shiga ciki ta fito da wani littafin, na waɗanda suka mutu.

Ta ce, "Nana, kin tabbata mijinki ne wannan?" Na ce, "Shekara arba'in da takwas ina wanke masa wando, ba zan san shi ba?" Ba ta yi dariya ba. Ta juyo mini da littafin. Eleuterio Tabangcura, iyaye ɗaya, ya rasu a watan Satumba na wannan shekarar, yana da wata bakwai.

Manang, a wurin hukuma mijina ya mutu tun kafin a haife ni. Ta ce in na kai wannan takarda, ranar da wani ya tono ɗayar, za a ce wanda na aura babu shi, gidan kuma ya koma hannun dangi.

Daga nan ban san yadda ƙafata ta kai ni gidan Nana Iking, ƙanwar innarku, ba. Na same ta a bakin ƙofa da ƙatuwar tabarta a baki, shekara casa'in da ɗaya amma idonta garau. Ta ce, "Ke dai akwai nauyin ƙafa, shekara hamsin ina jiran wani ya zo ya tambaye ni." Ta ce Eleuterio na farko ya mutu yana jariri. Bayan shekara uku aka haifi wani, ɗan mitsitsi, ko kukan kirki ba ya iya yi. Innarku ta ce a sa masa sunan marigayin, wai mutuwa ta riga ta karɓi wannan suna, ba za ta dawo neman abin da ta riga ta ɗauka ba. Ta kuma hana ungozoma zuwa ofis, don in aka rubuta sabo za a gane akwai wani. Da takardar wansa ya shiga makaranta, da ita ya aure ni.

Kin tuna yadda yake yi mini gori wai ya girme ni da shekara biyu, dole in bi maganarsa? Ashe ni na girme shi da ɗaya. Na yi dariya a cikin bas har mutane suka juyo, daga baya dariyar ta zama wani abu.

Misis Dacanay ta ce akwai mafita. Ana iya rubuta haihuwar mutum ko bayan ransa, in mutum biyu da suka ga haihuwar suka yi rantsuwa a gaban lauya. Nana Iking ta riga ta dangwala yatsa a takardar rantsuwar. Duk sauran sun tafi, Manang, saura ke. Ga takardar nan na haɗo.

A hanya na tuna wani abu. Tun da na shigo gidanku ban taɓa jin kin kira shi da sunansa ba. Kullum Ading, ƙanena. Ba zargin ki nake yi ba. Ina so in sani ne kawai, shi ya sani?

Taki,
Sion

Ilocos, 2 ga Satumba

Manang,

Ina gaisuwa. Allah ya sa lafiya ce ta hana ki amsa. Lorna ta ce takardata ta iso, kin karanta, kin sa a ƙarƙashin matashi, kin kuma daina cin abincin kirki.

Rodel ya sake zuwa, wannan karon da burodi. Ya ce, "Nana, gidan nan bai yi miki girma ba?" Na ce ai ba ni kaɗai ba ce a ciki. Ya dubi rumfar tafarnuwa, bai daɗe ba ya tafi.

Ba ƙarya na yi masa ba. Yanzu ba tari kaɗai nake ji ba. Da azahar nakan ji kamar kukan jariri can bayan gona, in na fita babu kowa sai akuyar maƙwabta. Na koma maƙabartar garinku na nemi kabarin yaron, ban samu ba. Mai gadi ya ce an daɗe da binne wasu a kan wancan ɓangaren. Sai na dawo na tsaya a gaban dutsen kabarin Teryo, ina duban suna da ranar haihuwa da na sa aka sassaƙa, duka na yaron ne. Ban san wa nake kai wa furanni ba.

In ba za ki iya ba, ki faɗa mini, in fara ɗaure kayana. Ba zan riƙe ki a zuciya ba.

Sion

Ilocos, 28 ga Oktoba

Manang Felisa, yayata ta kaina,

Gaisuwa da godiya marar iyaka. Yaya ƙarfin jiki? Na ji daɗi da Lorna ta ce kin koma cin abinci. Takardarki ta iso da sa hannunki da hatimin lauya, da kuma ɗayar, wadda kika rubuta mini ni kaɗai. Sau uku na karanta ta.

Manang, shekararki bakwai a lokacin. An tafi gonar taba an bar miki jaririn farkon da zazzaɓi. Kin ɗauke shi a kwankwaso tun safe kina yi masa waƙa, kina murna ya samu barci, har innarku ta dawo ta taɓa shi ta ji ya yi sanyi. Wace yarinya ce za ta gane? Shekara saba'in da huɗu kina ɗauke da shi. Ki sauke haka nan. Na gane yanzu dalilin da sunan ba ya fita daga bakinki, na kuma gane cewa sa hannun nan shi ne karo na farko da kika rubuta shi. Da kika ce Teryo bai taɓa sani ba, na ji sanyi a raina. Ya tafi yana ganin sunansa nasa ne.

Na roƙi Fadan cocinmu ya yi wa yaron addu'a ranar tunawa da matattu, shi kaɗai, da shekararsa. Dutsen kuma ba zan canza ba, sai dai in sa a ƙara ranar haihuwar Teryo ta gaskiya a ƙasa. Tun da suna ɗaya ya ishe su, dutse ɗaya ma zai ishe su.

Jiya na koma ofis. Lauya ta ce da wannan takarda gidan ya zama nawa, ta kuma aika wa Rodel kwafi. Misis Dacanay ce ta cike takardar haihuwar Teryo da hannunta, tana karanto tambayoyin ina amsawa: namiji, an haife shi a gida, 6 ga Mayu, 1952, yadda ke da Nana Iking kuka faɗa. Da ta zo ƙarshe sai ta ce in yi haƙuri, doka ce ta ce a tambaya: jaririn ya zo da rai?

Na ce e, ya zo da rai. Ya yi shekara saba'in, yana son busasshen kifi da tumatir, kuma bai taɓa ɗaga mini hannu ba.

Ta ce wurin kalma ɗaya kawai aka bari. Ta rubuta e.

Ki gaishe mini da Lorna da jikoki. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙanwarki har abada,
Consolacion (Sion) Tabangcura