Gajerun Umarnin da Sunka Riƙe Ni Buza

Buza, 3 ga Mayu

Zuwa ga maiɗakina Shafa'atu,

Bayan gaisuwa mai yawa da kewa, ina hwatan kina lahiya, ke da Inna da yara. Yaya ƙahwar Inna? Na san ke kaɗai ke tada ta ki kwantar, Allah shi saka maki.

Albishirinki: shef, shugaban aikinmu, ya yarda a maida ni biron Kaita, wato ohishinmu na can, kahin ruwa su sauka. Daga can, ko bisa babur, kullum gida Ibohaman zan kwana tare da ku. Sharaɗi guda ya sa, sai abokin aikina Malam Iro ya iya tura rahoton pompunan ruwa na mako ba tare da ni ba.

Nan gajiyar take. Kin tuna baƙin allon nan na ordinatar, wato kwamfuta, wanda ba hoto sai rubutu? Da shi muke aiki, don rezon intanet na nan bai ɗaukar abu mai nauyi. Shekara ukku ke nan na ɗora mashi wani tsari, na zauna na gyara shi yadda raina ke so. Na sa mashi launi, na sa shina nuna mani sauran batir, kuma duk dogon umarni na datse shi ya koma harafi biyu. In na buga "td", rahoton garin Deule ya tahi. Har zuwa kallo ake yi, ni ko ina ta hura hanci. Gajerun nan sun hi ɗari biyu, ban rubuta bayanin ko guda ba.

Ki gaida kowa.
Naki, Rilwanu

Buza, 17 ga Mayu

Shafa'atu,

Ina gaishe ki da gajiyar jinya. Ni ma lahiya lau, sai dai wallahi na gaji.

Na kwashe tsarin na zuba a ordinatar Malam Iro, tsohuwa ce, rabi ya ƙi tashi. Mutumin kirki, ya ɗauko littahinshi ya ce in bar gajerun, in koya mashi dogayen na asali. Shafa'atu, na ɗora hannu, yatsuna sunka tsaya. Na mance su. Na buɗe inda na tara gajerun, gyara bisa gyara, kamar ba ni na rubuta ba. Kunya ta kama ni gaban dattijo.

Ran Alhamis ya gwada shi kaɗai, sai rahoton makon jiya ya tahi maimakon sabon. Pompon wani ƙauye da ya lalace ya hito lahiyayye, mata sunka yi kwana huɗu suna zuwa ɗibar ruwa nesa kahin a gane. Ba laihinshi ba ne, nawa ne.

Ki sa ni a addu'a.
Rilwanu

Buza, 29 ga Mayu

Maiɗakina,

Gaisuwa da hwatan alheri gare ki da Inna. Kwana biyu ina jujjuya takardar nan na kasa cika ta.

Shef ya kira ni, ya yabe ni har na ji ba daɗi. Ya ce biron nan bai yi sai da ni, gurbin Kaita kuma bai jira. An ba Malam Iro gurbin, don shi tahiyarshi ba ta tsaida komi. Ya zo har ɗaki shina ba ni haƙuri. Na taya shi ɗaure kaya.

Na hwara warware gajerun guda-guda, ina maida su dogaye da bayani a ƙasa. Ban wuce guda ko biyu a yini, kin ga har bayan girbi ke nan, kuma ba wanda ya ce mani wani gurbi zai buɗe.

Na san abin da na bar maki bisa kai, da hannuna na yi shi. Ki yahe mani. Inna kuma ki hwaɗa mata da kanki, in na ji muryarta ba zan iya ba.

Mijinki,
Rilwanu